Shekarar da Kajina Suka Yi Ƙwai Ba Ɓawo

Rabi, Mariya, Sanusi, da ke yayarsu wadda ba na faɗin sunanki, ku zauna ku karanta wannan a tsanake. Rubutuna ba mai kyau ba ne, da girmana na koye shi a karatun manya, amma hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini bik, wato biro. Abin da ya sa na buɗe kayen nan, littafin rubutun nan, wata magana ce da na ji ranar sunan jaririyar Mariya. Ina zaune bayan rumbu ina tsintar shinkafa, sai na ji Rabi tana tsorata 'yarta da ta ƙi sa takalmi.

"Ki sa, ko in kira miki Kuluwa mai farin hannu!"

Yarinya ta sa takalmi da gudu, mata suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ajiye faifai na shiga ɗaki na daɗe a zaune. Rabi, ba laifinki ba ne, a gidan nan kika tashi kika ji ana faɗin haka. Amma ni na san inda sunan ya fito, domin daga bakina ya fito.

Gwaggo Kuluwa maƙwabciyarmu ce, danga ɗaya ta kara ce tsakaninmu, ta wajen da yanzu aka yi katangar bulo. Mijinta masunci ne, ya shiga tafki wata damina da gorarsa, gorar ta dawo bakin ruwa, shi bai dawo ba. 'Ya'ya huɗu ta haifa, ba wanda ya kai yaye. Sai ta zauna ita kaɗai tana kaɗin zare. Idan ruwan tafki ya ja da baya da rani, takan bi laka tana tsintar ƙumba, ɓawon nan mai fari a ciki da kuke wasa da shi kuna ƙanana. Ta ƙona shi, ta daka a ɗan turminta, ta yi allin da take shafa wa yatsu don mazari ya juya. Shi ya sa hannunta kullum fari. Dakanta ma ba irin na gero ba ne. Na gero yana da nauyi, nata kuwa ƙas, ƙas, ƙas yake yi, kamar ana taka busasshen ƙashi. Da na zo gidan nan amarya daga Sarkin Yamma, ita ta fara nuna mini rijiyar da ruwanta ba ya da gishiri. Ɗiyata take ce mini.

A shekarar da nake ɗauke da cikin Sanusi, furoje, wato shirin nan na tallafi, ya raba wa matan unguwa kaji. Na samu shida, jajaye, masu ƙwai kusan kullum, ba irin namu na gida ba da ke yin goma su kwanta. Aka ce kada a bar su yawo. Babanku kuma ya dasa ganyen salati da yalo a bayan gida, ba ya son kaza ta leƙa. Sai ya kewaye musu wuri da ragar waya a jikin dangar Gwaggo Kuluwa, ya share ƙasar tas, ya ɗora musu kwano a sama. Dusar gero nake ba su safe da yamma, da ruwa. Ina ganin gata na yi musu. Kajin unguwa suna can suna tona bola da bakin tafki, nawa suna cikin inuwa kamar matan kulle.

Tun da cikin ya fito, kakarku Inna, uwar babanku, ta kafa mini dokoki. Ba cin ƙwai, ba fita da tsakar rana, ba zama a bakin ƙofa. Ta ƙara da wata.

"Waccan ta bayan danga, ki rage gaisuwa da ita har ki sauka, na kuma ce mata kada ta ƙara shigo mana gida. Ban ce ta yi komai ba. Amma macen da ƙasa ta karɓe mata huɗu, ba a nuna mata ciki."

Na ce to. Inna ba muguwa ba ce, ku kun san ta. Ita ma ta binne biyu, tsoro ne yake magana da bakinta.

Bazara ta shigo da zafi irin wanda ko ƙadangare ba ya motsi. Wata ranar Laraba da hantsi na shiga ɗebo ƙwai, na sa hannu cikin akurki, sai na taɓa wani abu mai ɗumi da laushi. Na zaci ɗan tsako ne ya mutu. Da na fito da shi haske, ƙwai ne, amma ba ɓawo. Wata 'yar fata ce kawai ta riƙe shi, yana rawa a tafin hannuna. Na ɗaga shi wajen rana, na ga gwaiduwar tana yawo a ciki, ta zo gefen da nake ta tsaya, kamar ido. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa, ya daɗe kafin ya dawo. A daidai lokacin Sanusi ya motsa a cikina.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Ina yarinya a Sarkin Yamma, wata mata a layinmu ta haifi ɗa wanda bai taɓa zama ba. In an ɗauke shi sai ya lanƙwashe kamar rigar da aka jiƙa. Na ji manya suna raɗa cewa tun tana da ciki kazarta ta yi ƙwai tsirara, wai abin da ke cikin kaza shi ne ke cikin mai kazar. Na manta da maganar shekara da shekaru. Ranar nan ta dawo mini gaba ɗaya, har da muryar wadda ta faɗa.

Ban gaya wa kowa ba. Na tona rami a gindin danga na rufe ƙwan. Washegari na tarar da biyu. Rana ta uku kuma ɗaya mai ɓawo amma kamar takarda, ina ɗauka ya fashe mini a hannu. Kullum sai na riga kowa shiga, in ɓoye su cikin zane, in rufe. Kajin ma suka canza mini. Suna tsaye shiru, baki buɗe, suna bin hannuna da kallo. Ɗaya na kama ta tana saran ƙwan 'yar'uwarta tana haɗiye ɓawon, ta bar gwaiduwar a ƙasa. Wata ta yi ta saran ginshiƙin siminti har bakinta ya yi jini.

A rana ta biyar ina durƙushe ina tona ramin, sai na ji numfashi a ɗaya gefen dangar. Ta tsakanin kara na hangi ido ɗaya.

"Ɗiyata, mi kike rufewa kullum nan?"

Na ci gaba da tura ƙasa a ramin.

"Na gani tun shekaranjiya. Kada ki tada hankalinki, ba wani abu ba ne. Kajinki ne ba su…"

Ban tsaya ta ƙarasa ba. Na tuna dokar Inna, na ja zane na rufe cikina, na tashi na shige ɗaki har ina tuntuɓe. Matar da ta nuna mini rijiya, na gudu daga muryarta kamar na ga maciji.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na ji ƙas, ƙas, ƙas. Can kuma shiru. Ina leƙe ta labule, sai na ga hannu ya taso ta saman danga. Hannun kaɗai, ba kai, ba kafaɗa, fari fat har wuyan hannu. Yatsun suka buɗe a hankali, wani farin gari ya zubo cikin ragar kaji. Hannun ya koma. Kajin da suka yi kwanaki kamar marasa rai suka yi kansa da gudu suna ture juna. Haka ta yi ta yi kowace safiya. Ni kuma kowace safiya ina bayan labule, ban hana ba, ban tambaya ba. Abin da zan faɗa yanzu ku riƙe shi da kyau: bayan kamar mako ɗaya, ƙwai masu laushin suka fara raguwa. Na lura. Ni ce mai ƙirga su a rami.

Ranar da na tafi awon ciki, Inna ta shiga ɗebo ƙwai a madadina. Cikin biyar ta tarar da ɗaya mai laushi. Na dawo na same ta zaune a tsakar gida, ƙwan yana cikin ƙoƙo a gabanta ta rufe da faifai, tana ta jan carbi. Da asuba ta riga ni tashi, ta zauna a bakin ɗakinta, ta ga hannun da idonta. Salatin da ta yi, har masu dawowa daga masallaci sai da suka tsaya.

Babanku ya so ya kashe maganar.

"Inna, kajin furoje ne fa. Wa ya san halinsu? Ƙila haka suke yi in zafi ya yi yawa."

"Zafi ne ya miƙo hannu ta kan danga? Kai dai je ka ba salatinka ruwa."

Ƙila da maganar ta tsaya nan. Amma da yammacin ranar zazzaɓi ya rufe ni. Ban ci abincin kirki ba kwana da kwanaki, ban yi barci ba. Mata suka cika ɗaki, suka ce ina sambatu ina cewa hannu, hannu. Kafin kwana biyu, ba gidan da ba a ce Kuluwa ta kama kurwar abin da ke cikina ba.

Aka kai magana gaban mai unguwa. A zauren gidanmu aka zauna, don ba na iya tafiya. Maza suna ciki, mu mata muna bayan ƙofa, ni a kan tabarma na jingina da Inna. Aka kira Gwaggo Kuluwa. Ta zo da ɗan ƙoƙonta na gari, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya fara tambayarta.

"Kuluwa, mene ne kike zuba wa kajin mutane?"

"Ƙumba ce, ranka ya daɗe. Ta bakin tafki. Na ƙona na daka." Ta lakato da yatsa ta sa a harshenta. "Ga shi. Kaza in an tsare ta ba ta tona ƙasa, da mi za ta yi ɓawo? Uwata haka take ba nata."

"To me ya hana ki shigo ta ƙofa ki faɗa?"

Ta dubi wajen da Inna take.

"An hana ni ƙofar."

Liman yana wurin, ya ce a ji tsoron Allah, zato zunubi ne. Mai unguwa ma mutum ne mai hankali. Ya juyo wajen ƙofar da nake, ya sassauta murya.

"Ke yarinya, ke ce mai kajin. Tambaya ɗaya zan yi miki. Wanne ya riga, ƙwan ko garin?"

Ba wanda ya san amsar sai ni da ita. Ramin yana nan a gindin danga, taku goma daga inda nake zaune, da ƙwai a ciki waɗanda suka riga garin. Ina jin hannun Inna a kafaɗata. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa na faɗi abin da na faɗa, kuma ba zan ɗora wa Inna ba. Ga gaskiyar. In ƙwan ne ya riga, to abin daga cikina yake, ba mai cire shi, sai in jira ranar haihuwa in gani. In garin ne ya riga, to wani ne ya yi, kuma abin da mutum ya ɗaura ana iya sa shi ya kwance. Na zaɓi wanda ake iya kwancewa.

Na ce, "Garin."

Ban ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Gwaggo Kuluwa ta juyo ta dube ni ta gefen ƙofa. Na jira ta ce a je a tona gindin danga. Kalma ɗaya ce, da ta wanke kanta, ni kuma da na zama maƙaryaciya mai ɓoye wa uwar miji abu. Ta dubi fuskata, ta dubi cikina. Ba ta faɗa ba.

Ku 'yan yanzu ba ku ga ana yi ba, amma a lokacin, wanda aka zarga da kama kurwa akan sa shi ya tsallake marar lafiyan, wai ta haka yake sakinta. Kuma duk wanda ya yarda ya tsallake, a idon mutane ya amsa laifi ke nan har abada. Mata suka fara cewa ta tsallake, ta tsallake. Liman ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Mai unguwa ya ce shi ba zai tilasta kowa ba.

"Ba sai an tilasta ni ba," in ji ta. Ta ajiye ƙoƙon, ta shigo tsakar gidan da aka hana ta. "Ɗiyata, in na tsallake ki, za ki yi barci?"

Na gyaɗa kai.

"To kwanta."

Na kwanta a tabarma, rana a fuskata. Gida ya yi tsit, har kajin. Na ga inuwarta ta rufe ni, na ga ƙafarta mai faso ta wuce ta saman cikina, bakin zanenta ya shafi hannuna, yana warin hayaƙi da laka. Sau uku. A na ukun ta yi kamar zanenta ya kama, ta sunkuya, bakinta kusa da kunnena.

"Ki ƙona har ta yi fari. Kada ki daka ta yi laushi sosai, sun fi son mai tsaki-tsaki."

Ta miƙe ta fita. Ƙoƙon ma ba ta ɗauka ba, Inna ta sa aka jefa shi a masai.

Na yi barci ranar, ba zan ɓoye muku ba. Zazzaɓin ya sauka, mutane suka ce kun gani. Daga nan ba wanda ya ƙara sayen zarenta. A rijiya in ta zo mata sai su janye tulunansu. Ba ta kai damina ba, wani ɗan ƙanenta ya zo da amalanken shanu ya kwashe ta zuwa wani ƙauye a ƙasar Gabi. Ina jin ƙarar amalanken daga ɗaki, ban fito ba.

An share farin garin tas, an yayyafa rubutu a cikin raga. Kwana goma ba a yi ba, ƙwai masu laushi suka dawo, har sun fi na da. Inna ta ce daga nesa take aiki. Ni kuma kowace safiya, gari yana fara haske, sai in ji ƙas, ƙas, ƙas daga gidan da ba kowa. Na tambayi babanku ko yana ji, ya ce a'a. Na tambayi yayarku, ta ce a'a. Wata safiya na yi ƙarfin hali na leƙa ta tsakanin kara. Ɗakin a buɗe, tsakar gida ta cika da ganye, ɗan turmin yana kife a gindin bishiya inda ta bar shi.

Ranar na ce wa Inna zan kai wa babanku fura a gona. Na bi ta bakin tafki da cikina wata takwas, na shiga laka har idon sawu, na cika bakin zanena da ƙumba. Na ƙona ta a murhu bayan na sauke tuwo, na niƙa a dutse don kada a ji daka, na cuɗa cikin dusa. Kafin mako biyu ƙwai suka yi ɓawon da sai an buga a bakin tukunya. Inna ta aika wa malamin da ya yi rubutu zakara. Daga ranar da na fara ƙona ƙumba ban sake jin dakan nan ba. Ban san me zan ce muku a kan wannan ba, na rubuta yadda ya faru ne kawai.

Sanusi, ka zo da ruwan farko, da ƙarfinka, kana tsala kuka. Da aka miƙo mini kai, na sa yatsa a maɗigarka, na ji ta da laushi tana bugawa, na kusa sakin ka. Ungozoma ta yi dariya ta ce kowane ɗa haka yake zuwa, ko na manta na yayyenka? Ka zauna a wata shida, ka yi tafiya kafin shekara. Duk matakin da ka ɗauka, unguwa cewa take albarkar tsallakewa ce.

Na yi niyyar zuwa Gabi. Na ce sai na yi arba'in. Na ce sai an yi girbi. Na ce sai na yaye ka. Kana da shekara biyu wani mai sayar da kifi ya faɗa a ƙofar gida, cikin hira, cewa tsohuwar nan ta rasu tun da sanyi. Inna ta ce Allah ya jiƙan musulmi. Ni ina tankaɗe, na ci gaba da tankaɗe.

Shekaru bayan haka, a karatun manya, malamarmu ta kawo wani ɗan littafi na kiwon kaji. Aka ce in karanta shafi ɗaya a gaban aji. Ina bin baƙaƙen da yatsa, ina haɗa su ɗaya-ɗaya, sai na ji bakina yana faɗin maganar Gwaggo Kuluwa: kazar da aka tsare, a ba ta ƙonannen ƙashi ko ƙumba, kada a daka ya yi laushi sosai. Na tsaya a tsakiyar layi. Malama ta zaci kalmar ce ta yi mini wuya, ta karanta mini ita. Na gaya wa babanku kafin ya rasu. Ya ce in gaya muku. Na ce sai na iya rubutu sosai. Kun ga halina dai.

Ɗan turminta yana wurina. Shi ne wanda kuke ce wa turmin kaji, wanda na hana ku daka yaji a ciki. Yanzu ni ce tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a gidan nan, ni ce mai daka da sassafe. Makon jiya ina cikin yi, na ji shiru a bayan katanga irin shirun mai saurare. Na ɗaga kai, sai ga amaryar da aka kawo gidan Kuluwa na da, ta taka wani abu tana leƙe. Cikinta ya fara fitowa. Idonta yana kan hannuna. Na duba, fari fat har wuyan hannu.

Ta yi sauri za ta sauka. Ni da ba a taɓa jin muryata a waje ba, na ɗaga ta har sai da kaji suka watse.

"Ke ɗiyata! Kada ki tafi. Zagayo ta ƙofa, ki zo ki gani."

Ta zo, tana rufe ciki da mayafi. Na sa mata ƙumba a hannu, ɗanya da ƙonanna. Na ba ta taɓarya ta daka da kanta. Ta tambaye ni wa ya koya mini, na ce mata wata mata ce da ta zauna a ɗakin da take kwana, sunanta Kuluwa, kuma na yi mata ƙarya a gaban mutane.

Sanusi, in ka zo da babur ranar Juma'a, ka zo da mai isasshe, Gabi za ka kai ni, a nuna mini inda take. Rabi, ke kuma ki kira 'yarki ki zaunar da ita, ki karanta mata wannan daga farko. In kin zo wurin tambayar mai unguwa, ki karanta a hankali. Ƙwan ne ya riga.